Kofin Tangaran da Zanen Barkwanci: Yadda Ake Yi wa Yayi Dariya

Laccar da aka gabatar ga matasa masu sana'ar ɗab'i, ɗinki da zane a Gonin Gora, Kaduna

  

Gabatarwa

An nemi in yi magana a kan wani abu da ido zai iya rainawa, wato kofin tangaran mai mariƙi, irin wanda ake shan shayi ko gahawa da shi, wanda aka buga wa tsohon zanen barkwanci a jiki. A shagunan gidajen tarihi na Turai da kasuwannin intanet ana sayar da irin waɗannan kofuna, ɗauke da zane-zanen da aka yi fiye da shekara ɗari biyu da suka wuce don yi wa masu bin yayin sutura shaguɓe. Mutum ya saya ya kai gida ko ofis, kullum safiya yana kurɓar gahawa, yana kallon yadda kakannin kakanninsa suka yi wa juna dariya a kan riga da gashi da takalmi.

Mu ma nan Kaduna muna buga kofuna. Duk wanda ya je biki ko suna ko walimar ajiye aiki ya san yadda ake rabon kofi mai hoton ango da amarya, ko na jariri, ko na ɗan takara lokacin zaɓe. Injin yana hannunku, gwaninta ma kuna da ita. Abin da ya rage mu tattauna shi ne me ya kamata a ɗora a jikin kofin.

Matsayina shi ne: muna da namu tarihin sutura, muna da namu salon yi wa yayi dariya, kuma lokaci ya yi da za mu zana shi mu buga a kan abin da ke shiga kowane gida. Amma da sharaɗi. Yayin za a yi wa dariya, a bar halittar mutum da ƙabilarsa da addininsa. Zan fara da inda wannan sana'a ta yi ƙarfi, sannan in dawo gida.

Yadda zanen ya bunƙasa a Ingila

A Landan ta shekarun 1770, tun ba a san kyamara ba, shagon sayar da zane shi ne gidan kallon talaka. Mai shago yakan jera sababbin zane-zane a jikin gilashin taga, wanda ba shi da kuɗin saye ya tsaya a bakin titi ya ba idonsa abinci. Wasu ma'aurata, Matthew da Mary Darly, sun yi suna da wannan sana'a a titin Strand. Tsakanin 1771 da 1773 suka fitar da jerin zane-zane a kan wasu samari 'yan gayu da ake kira Makaroni, 'ya'yan masu hali da suka je yawon buɗe ido Italiya da Faransa, suka dawo da matsattsun kaya da hular gashi mai tsiri, wadda akan ɗora wa 'yar mitsitsiyar malafa can a ƙololuwa. Akwai wani zane na 1774 da ya nuna wani uba ya shigo birni daga ƙauye, ya yi kiciɓis da ɗansa cikin wannan shiga, ya tsaya yana tantamar ko ɗan nasa ne. Duk dattijon da ya taɓa tura yaro karatu birni ya dawo masa da wani baƙon aski ya san abin da ke zuciyar wannan uba.

Hoda ake baɗa wa irin wannan gashi, kuma da sitacin alkama akan yi ta. A 1795, shekarar da burodi ya yi tsada ƙwarai a Ingila, gwamnatin William Pitt, wadda ke neman kuɗin yaƙi da Faransa, ta ɗora harajin sule ashirin da ɗaya a shekara a kan duk mai son baɗa hoda a kansa. Daga nan yayin ya kama hanyar mutuwa. Ku lura da wannan: abin da dariyar shekara ashirin ba ta kawar ba, tsadar abinci da haraji da sauyin zamani suka kawar.

Gwanin gwanaye a wannan fage shi ne James Gillray, wanda aka haifa a 1756, ya rasu a 1815. Wata mai shago, Hannah Humphrey, ita ke buga ayyukansa tana sayarwa. A Disambar 1794 ya fitar da zanen mata biyu sanye da riga iri ɗaya da ake yayi a lokacin, mai ɗamara a ƙarƙashin ƙirji. Ɗaya daga unguwar fada take, siririya, ɗayar kuma daga unguwar 'yan kasuwa, mai jiki, ta kwaikwayi ta farkon. Rigar ba ta karɓi kowacce ba. Abin da yake nunawa shi ne yayi daga sama yake gangarowa, na ƙasa kuwa bi yake yi, ko ya dace da shi ko bai dace ba. Bayansa George Cruikshank ya juya kan maza. Tun daga 1816 ya riƙa zana 'yan kwalisar Landan masu ɗaure ciki don ƙugu ya tsuke, da wuyan riga mai sitaci da ya taso har kunne, mutum ba ya iya waiwaye sai ya juya jikinsa gaba ɗaya.

Sai kuma kirinolin, wani keji na siraran ƙarafa da mace ke ɗaurawa a ƙugu don siket ya buɗe. Ya bazu daga 1856. Mujallar Punch, wadda aka kafa a 1841, ta sa shi gaba, mai zanenta John Leech da abokan aikinsa suna nuna mata sun kasa shiga ƙofa, sun cika keken doki su kaɗai. Kuma akwai haɗari na gaske a ciki, domin siket ɗin yakan lashi wutar murhu ba tare da mai shi ta sani ba, mata da yawa sun rasa rayukansu ta haka. A 1860 masaƙar Courtaulds ta hana ma'aikatanta mata zuwa aiki da shi saboda injuna. Duk da haka mata sun riƙe shi kusan shekara goma, kuma suna da hujja: ya fi tarin fatarori masu nauyi da suke jibgawa a da sauƙin ɗauka. Masu zanen, waɗanda kusan dukkansu maza ne, ba su damu da jin wannan hujja ba.

Darasi biyu ke nan. Na farko, zanen barkwanci da wuya ya kashe yayi, amma yana adana shi. Yau ɗalibin tarihi yana duba waɗannan zane-zane ya ga abin da mutane suka sa, ya kuma ga abin da maƙwabtansu suka ce a kai, abin da rigar da ke rataye a gidan tarihi ba za ta faɗa masa ba. Na biyu, mai riƙe da alƙalami yakan manta da kansa, ya tasa wani a gaba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Daga takarda zuwa tangaran

Ta yaya zane ya bar takarda ya hau kofi? A da da hannu ake yi wa kowane kwano ado, ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa sai mai kuɗi ke sayen tangaran mai hoto. A shekarun 1750 aka gano dabarar sassaƙa zane a kan farantin tagulla, a shafa masa tawada, a ɗauko shi a kan takarda marar kauri, a manna a jikin tangaran, a gasa. A 1756 John Sadler da Guy Green na birnin Libaful suka yi rantsuwa a rubuce cewa sun buga tayil fiye da 1,200 cikin awa 6. Daga 1761 Josiah Wedgwood ya fara aika musu kayansa suna buga masa. Da yaƙi ya yi zafi tsakanin Ingila da Napoleon, sai ga kofuna da butoci ɗauke da zanen yi masa ba'a sun cika kasuwa. Zanen da a da sai a tagar shago ake ganinsa ya shiga ɗakin girki, ya hau teburin lebura.

Abin da kuke yi yau jikan wannan dabara ne. Kuna buga hoton a juye a kan takarda ta musamman da tawada ta musamman, ku naɗe kofin da ita, ku liƙe da salatif mai jure zafi, ku sa a injin matsa kofi a zafin da ya kai digiri 180 zuwa 200 na 'yan mintoci. Tawadar ta zama tururi, ta shige cikin shafen roba da aka yi wa kofin tun daga masana'anta. Shi ya sa kofin da ba shi da wannan shafe ba ya karɓar hoto, mai shafe marar kyau kuma yakan koɗe bayan wanki kaɗan.

Akwai dalilin da ya sa tsofaffin zane-zanen Turai suka mamaye wannan kasuwa. Masu su sun daɗe da rasuwa, haƙƙin mallakarsu ya faɗi, kuma gidajen tarihi sun ɗauki hotunansu da kyau sun zuba a intanet. A Fabrairun 2017 gidan tarihi na Metropolitan da ke Niyok ya saki hotuna 375,000 kyauta ga duk mai so. Sun tattara nasu, sun tsara, sun buɗe ƙofa. Idan muka sauke nasu muka buga, babu laifi, amma Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Mai shan shayi a Sabon Tasha ko Kawo ba zai ga kakarsa a cikin kirinolin ba.

Namu salon

Sukar masu ruɗuwa da tufafi tsohon abu ne a ƙasar nan. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, a cikin Tazyinul Waraƙat, ya koka da wasu mutanen zamaninsa da suka mayar da hankali ga mulki da tara riguna masu tsada da dawakan sukuwa a gari. Takaicin haka na cikin abin da ya sa ya bar jama'a a 1807 da niyyar tafiya Makka, har ya yada zango a Kano. Wannan wa'azi ne na malami. Talaka kuwa da baki yake nasa zanen, ta hanyar laƙaba wa yayi suna.

Ku tuna ɗaurin ɗankwalin da ake kira ture-ka-ga-tsiya, wanda ake turo shi gaban goshi. Wanda ya raɗa wannan suna ya zana ɗankwalin, ya zana tafiyar mai shi, ya zana har irin amsar da za ta ba ka in ka taɓa. Akwai hula mu-haɗu-a-banki, akwai tashi-ka-fiye-naci, akwai tsohuwar haɓar kada. Akwai ɗaurin Maryam Babangida da hular Shagari, waɗanda ke tabbatar da abin da Gillray ya gani, cewa daga gidan mulki yayi yake gangarowa. A 1998, lokacin da ake kiraye-kirayen Janar Sani Abacha ya zarce, sai ga doguwar riga ta samu suna tazarce. Ashe tela da mai sayen yadi ma suna rubuta tarihin siyasa.

A watan azumi kuma yara kan fito tashe. Yaro ya liƙa gemun auduga ya zama tsoho, yarinya ta sa babbar riga da hula ta zama Daudu, ga Mairama a gefe. A Kano Nalako, shugaban gwauraye, kan fito da su cikin shiga ta ban dariya. 'Yan kama su yi rawani su ɗauki tafkeken carbi suna kwaikwayon malamai, malaman da kansu suna murmushi. Duk wannan da sutura ake yinsa. Mun daɗe da sanin cewa da wasa ake faɗa wa wawa gaskiya.

A fagen jarida ma Nijeriya ba baƙuwa ba ce. A shekarun 1940 Akinola Lasekan, mai sa hannu da sunan Lash, ya riƙa zana wa jaridar West African Pilot ta Nnamdi Azikiwe, yana caccakar mulkin mallaka. A 1973 Fela Kuti ya fitar da faifan Gentleman, wanda bangonsa ke ɗauke da biri sanye da kwat, yana sukar ɗan Afirka da ke jibga kayan sanyin Turai cikin zafin ƙasarsa. A zamaninmu ga Mustapha Bulama na Daily Trust, wanda zane-zanensa kan zaga wayoyin jama'a cikin yini guda.

Matsalar ita ce yawancin namu a baki yake, baki kuwa yana tafiya da mai shi. Bayan rahoton kwamitin Jerome Udoji na 1974 ma'aikata suka karɓi ƙarin albashi da ariyas, gari ya cika da wando mai faɗin ƙafa da takalmi mai tudu da gashi tum. Matashin yau bai san yadda kakansa ya fito a wannan shiga ba, sai in ya ci karo da hoton a ƙasan akwati. Zamani riga ne, in ji masu iya magana. To, wa ke ajiye mana rigunan da zamani ya tuɓe?

Kakuri da Kwali

Ba ni ganin akwai wurin da wannan aiki ya fi dacewa da shi kamar kudancin kogin Kaduna. Daga nan Gonin Gora zuwa Kakuri tafiya ce 'yar kaɗan. A can masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957, a zamanin Sardauna Ahmadu Bello, United Nigerian Textiles ta biyo baya a 1964, ga Arewa Textiles da sauransu. Dubban mutane daga kowane sashe na ƙasar nan suka ci abinci a wurin, kuma a cikin wannan zaure ba za a rasa wanda da albashin masaƙa aka biya masa kuɗin makaranta ba. Akwai masu zanen atamfa a cikinsu, mutanen da suka san irin furen da zai tafi da hankalin mace a Kantin Kwari. Rashin wutar lantarki da tsadar baƙin mai da fasa-ƙwaurin yadi suka taru suka durƙusar da su. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles ta dakatar da aiki a 2007.

Yau muna yin anko fiye da kowane lokaci, amma da yadin da aka saƙa a wata ƙasa. Mai zanen da ya nuna ayarin 'yan biki cikin anko na waje suna wucewa ta gaban rufaffiyar ƙofar masaƙa, ciyawa ta cinye harabar, ya faɗi abin da dogon jawabi ba zai faɗa ba. Irin barkwancin da nake kira a yi ke nan, wanda za a yi dariya, dariyar ta bar tunani a baya.

Ta fuskar tangaran kuma, muna zaune ne a ƙasar Gbagyi, mutanen da suka ba duniya Ladi Kwali. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, ita ce mace ta farko a wurin. Ta koyi aiki da keken gini da gashi mai tsananin zafi, ta yi kwanuka da kofuna, amma ba ta bar zanen gida ba: ƙadangare, kunama, kada, hawainiya, kifi da tsuntsu. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984, ga hotonta nan a bayan naira 20. Ta karɓi fasahar baƙo ta ɗora mata zanen kakanninta, duniya ta zo saye. Mu kuwa yawancin fararen kofunan da muke bugawa daga Sin ake shigo da su, alhali ga farar ƙasa a Ƙanƙara ta jihar Katsina, ga sashen koyar da tangaran da zanen yadi a jami'ar Zariya. Kafin mu kai ga ƙera kofin da kanmu, aƙalla abin da ke jikinsa ya zama namu.

Inda dariya take tsayawa

Yanzu na zo wurin da ya fi muhimmanci, kuma ina roƙon ku ba ni hankalinku. Jarida kwana ɗaya take yi, gobe a naɗe ƙosai da ita. Kofi kuwa yakan shekara goma a kan kanta, kuma da shi za ka miƙa wa baƙo shayi, baƙon da ba ka san ƙabilarsa ko addininsa ko ciwon da ke ransa ba. Saboda haka abin da za a iya yafe wa jarida ba za a yafe wa kofi ba.

Iyayenmu sun sa wa barkwanci ƙa'ida. Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, Bagobiri da Bayarabe suna tsokanar juna, amma kowa yana da bakin ramawa, kuma duk sun yarda wasa ne. Inda ɗaya ke dariya ɗaya na haɗiye takaici, an bar wasa an shiga cin fuska. A cikin wasannin tashe akwai Macukule, inda yaro ke sa tsummoki yana kwaikwayon mutumin Gbagyi. Yara Hausawa da yawa sun taso suna ganin wasa ne kawai. A nan, a gaban iyayenmu Gbagyi, ina cewa wanda aka kwaikwaya shi ke da ikon faɗin ko wasa ne, kuma irin wannan ba shi da wuri a jikin kofinmu. Haka nan zanen da zai mayar da rawani ko hijabi ko rigar fasto ko kayan mawaƙan coci abin tozarci. Haka nan zanen da ke yi wa ƙiba ko rama ko launin fata ko nakasa dariya. A wannan gaɓa Gillray ba abin koyi ba ne. Mutum shi ya zaɓi rigarsa, amma ba shi ya zaɓi jikinsa ba.

Mu mutanen Kaduna mun san farashin maganar da aka saki ba a auna ba. A Nuwambar 2002, ana shirin gasar sarauniyar kyau ta duniya a Abuja, wani rubutu a jaridar ThisDay ya taɓa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cikin sigar raha. Garin nan ya kama da wuta, mutane fiye da 200 suka mutu, Musulmi da Kirista, waɗanda ba su rubuta komai ba, da yawansu ma ba su karanta ba. Babu rubutun da ya halatta jinin maƙwabci, wannan a fili yake. Amma mai alƙalami ma yana da nasa nauyin. Wannan rikici, da na 2000 da ya gabace shi, su suka sa kogi ya zama iyaka tsakanin 'yan gari ɗaya. Kada sana'arku ta ƙara wa iyakar nan ko da taku ɗaya.

Addinanmu biyu sun yi magana a kan wannan. Aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, maza ko mata, domin mai yiwuwa waɗanda ake rainawa sun fi masu rainin alheri, ta kuma hana jifan juna da munanan laƙabi. Sura ta 2 ta Wasiƙar Yakubu ta tsawata wa masu ba mai zoben zinariya da kyawawan tufafi wurin zama mai daraja, su bar matalauci mai tsumma a tsaye. Idan muka haɗa su, hanya ta fito: kada a wulaƙanta mutum, kada kuma a bauta wa tufafi. Tsakanin waɗannan biyun akwai fili mai faɗi da mai zane zai yi kiwo.

Shawarwari ga masu sana'a

Na farko, ku tattara kafin ku zana. Ku je Gidan Arewa, wanda aka kafa a 1970 a gidan marigayi Sardauna, da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke nan Kaduna, ku duba tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara a 1939, da New Nigerian, wadda ta fara a 1966. Ku zauna da tsofaffin teloli a Kasuwar Barci da tsofaffin ma'aikatan masaƙa, ku tambaye su sunan kowane ɗinki da shekarar da aka yi yayinsa. Ku nemi izinin iyaye mata su buɗe muku albam.

Na biyu, ku rubuta sunan yayin da zamaninsa a ƙarƙashin zanen, da Hausa ko Gbagyi ko Turanci, da boko ko ajami. Wannan ɗan layi shi ke mayar da abin dariya ya zama darasi ga yaron da zai wanke kofin.

Na uku, ku raba dariyar daidai. In kun zana gwaggwaron da ya tare wa na baya ganin amarya, ku zana babbar rigar da mai ita ya wuni yana tattare hannunta bai yi aikin komai ba. In kun zana wadda ta ci bashi don anko, ku zana wanda ya sayar da gona don akwatunan lefe. Teloli, ku yarda a zana ku daren sallah ko jajibirin Kirsimeti, masu kaya sun yi layi a ƙofar shago. Wanda ya fara da kansa, babu mai ƙin ba shi izinin taɓa wani. Mata masu zane kuma su shigo, domin su ma suna da abin faɗa a kan shigar maza.

Na huɗu, ku kiyaye haƙƙin mai zane. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya tana kare zane har shekara 70 bayan rasuwar mai shi, hoton kyamara kuma shekara 50 bayan an fara fitar da shi. Ganin zane a Facebook ko WhatsApp bai mayar da shi naka ba. Ku nemi mai shi, ku yi ciniki, ku sa sunansa a jikin kofin. Kada kuma ku ɗora fuskar wani mutum na gaske ba da yardarsa ba.

Na biyar, ku tsare ingancin aiki. Ku sayi kofi mai kyakkyawan shafe, ku gwada zafi da lokaci kafin ku shiga buga da yawa, ku bar tazara tsakanin zane da inda leɓe ke taɓawa. Kofin da ya koɗe cikin wata guda ya zubar da mutuncin mai bugu da mai zane baki ɗaya.

Kammalawa

Jama'a, Turawa sun adana dariyar kakanninsu, yau jikoki suna cin abinci da ita. Namu tarihin yana nan a bakin tsofaffi da ƙasan akwatuna, kuma tsofaffin suna tafiya. Ina kira ga masu zane da teloli da masu ɗab'i na Gonin Gora da Kakuri da Tudun Wada da Kawo su haɗa hannu, Musulmi da Kirista, su fitar da jerin kofuna na yayin suturar Kaduna daga 1957 zuwa yau, wanda za a sayar a kudu da arewacin kogi ba tare da kowa ya ji an ci masa fuska ba. Aiki ne da zai kawo kuɗi, ya adana tarihi, ya kuma koya mana yin dariya tare.